Dakalin Da Kawu Bai Manna Ba

Allah Ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata, ranar Talata da hantsi, cikin watan Safar, a ɗakinsa da ke bayan titin Mansur. Shi Ya bayar, Shi Ya karɓa, ba mu da ta cewa. Bayan la'asar aka yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Ma'alla. Ni da babban ɗansa muka shiga kabarin.

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa kamar yadda ake yi a nan. Kujeru a jere cikin lungu, gahawa tana zagayawa, mu dangi a tsaye a layi, mai zuwa ya dafa kafaɗar kowa ya wuce. Larabawan da ya yi wa ƙofofi da tagogi suka zo suka yi addu'a a taƙaice suka tafi. Mutanenmu kuwa sukan zauna su daɗe, kowa da abin da ya tuna. Masu tsire na bakin titi suka ce teburin da ya yi musu bai taɓa rawa ba. Wata tsohuwa mai ƙosai ta aiko a gaya wa Inna, wato matarsa, cewa sau uku yana gyara mata kujera, kuma sau ukun sai da ya yi mata faɗa a kan yadda take zama. Liman ya ce bai taɓa ganin sa a sahu na biyu ba. Amma ko ina maganar ta zaga, tambaya ɗaya take komawa: unguwar nan da yake sassaƙawa fa, ya gama ta? Babban ɗansa yana amsawa da cewa saura kaɗan. Abin da ya saura kuwa yana cikin aljihuna, naɗe da ƙyalle.

Mutum ɗaya bai zo ba, ranar farko da ta biyu, kuma kowa ya lura. Shi ne wanda muke kira Baffa, aminin kawu na shekara hamsin, kuma uban mijin 'yarsa. Na hango shi a Ma'alla can baya, ya zuba ƙasarsa ya juya.

Na ɗauki alƙalami saboda abu biyu. Na farko, kada a manta da kawu. Na biyu, jikokinsa za su ji wannan magana wata rana, guntu-guntu, daga bakin waɗanda ba su nan lokacin da aka yi ta. Ni ina nan. Tela ne ni, karatuna bai yi nisa ba, amma na san abin da ya zo farko da abin da ya biyo baya, kuma haka zan jera shi.

A Makka aka haifi kawu. Mahaifinsa, wato kakana, shi ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya bi ta Sudan, ya zo ya zauna. Kawu ya koyi kafinta tun yana yaro kuma bai taɓa yin wata sana'a ba. Ba shi da sauƙi, ba zan ɓoye ba don ya mutu. Zarto yana da ƙusarsa a bango, magagari yana da tasa, wanda ya musanya su sai ya ji a jikinsa. Kalmar da ya fi tsana ita ce "kusan". Idan ka ce masa abu ya kai kamu uku ko kusan haka, sai ya dube ka ya ce kusan ba awo ba ne, je ka dawo. Wata shekara na ɗinka masa rigar salla, hannun dama ya fi na hagu da faɗin yatsa. Bai dawo mini da ita ba. Ya sa ta ya tafi idi, duk wanda ya gaishe shi sai ya miƙa hannuwan biyu ya ce, "Ɗan ƙanwata ne ya ɗinka." Tun ranar nake auna hannu sau biyu.

Da aka fara rushe tsofaffin unguwannin da ke jikin Harami don a faɗaɗa shi, mutane suka yi ta kwashe kayansu, wasu da kuka, wasu da murna. Kawu bai yi ko ɗaya ba. Bayan asuba sai ya ɗauki igiya da ɗan littafi ya nufi lungun da aka haife shi, ta arewacin Harami, wajen kasuwar yadi. Yana taka tsawon kowane gida, yana ƙirga tagogi, yana rubutawa da ajami. Wata safiya wani askari, wato ɗan sanda, ya tsare shi ya ce me yake aunawa. Kawu ya ce yana auna abin da za su rushe ne, don a san girman abin da aka rushe. Askarin ya duba littafin, bai iya karanta shi ba, ya ce tsoho ya yi gaba.

Daga cikin ɓaraguzan ya samo wata tsohuwar ƙofa mai faɗi, ya kwantar da ita a kan garwa huɗu a ɗakin bayan shagonsa. A kanta ya gina lungun, ƙarami, da katakon akwatunan shayi. Tagogin katako masu fitowa waje, waɗanda ake kira roshan, da tsinken ashana ya yi su, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita ce mutane suke kira unguwar kawu.

Ya kafa wa kansa ƙa'idoji. Taku ɗaya a ƙasa, faɗin yatsa ɗaya a kan ƙofar. Babu siffar mai rai, domin ya tambayi malamai an ce masa gini ya halatta, mai rai bai halatta ba, saboda haka ko tantabara ɗaya babu. Abin da bai auna da kansa ba, ko bai ji daga bakin wanda ya sani da gaske ba, ba ya sassaƙa shi, sai ya bar wurin katako tsirara, ba fenti. Sannan ba ya sa gam sai ya tabbata. Gida yakan yi wata uku a ajiye haka nan, ana iya ɗaga shi, kafin ya manna.

Inna takan ce ta auri mutumin da ya gina gida sittin, ita kuwa rufin ɗakinta yana zuba duk shekarar da Allah Ya kawo ruwa. Shi kuma ya ce a Makka ruwan sau nawa yake zuwa, ta yi haƙuri.

Da labari ya bazu, tsofaffi suka fara zuwa neman gidajensu. Kawu yakan ba mutum tsinke ya ce ya nuna da shi, kada ya taɓa da hannu. Wani Bukhari mai gasa burodi ya ga tanderunsa a kusurwar da yake, har da baƙin hayaƙi a bango, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da rawaninsa. Kawu ya jira ya gama, sannan ya tambaye shi ko bakin tanderun gabas yake kallo ko ya ɗan karkata. Haka yake.

A tsakiyar lungun, jikin bangon da ke kallon masu yadi, akwai wuri ɗaya tsirara, tsawonsa bai kai taƙi biyu ba. Shekara tara yana haka. Na taɓa tambayarsa, ya ce bai auna ba. Na ɗauka iyakarta ke nan.

Yanzu sai in faɗi ko wane ne Baffa. Ga-ruwa ne, saƙƙa kamar yadda suke cewa a nan. Garwa biyu a sanda, daga bazan, wato matattarar ruwan gari, zuwa benayen mutane, har kafaɗunsa suka yi kanta kamar gwiwar raƙumi. Bai san sunan garinsu ba. Abin da yake tunawa shi ne wata tsamiya da ramukan rini a ƙarƙashinta. Wani mutum ya taho da shi yana ɗan shekara bakwai ko takwas, yana ce wa mutane a hanya ɗansa ne, da suka iso Makka guzuri ya ƙare sai ya sayar da shi. Zamanin Turkawa ke nan. Ubangidansa ya 'yanta shi da zai mutu, tun da daɗewa, kafin shelar da hukuma ta yi 'yan shekarun nan ta hana bauta gaba ɗaya. Manya duk sun san wannan. Ba a faɗa.

Kullum bayan la'asar yakan zo ƙofar shagon kawu su sha shayi. Kawu yana ce masa Sarkin Ruwa, shi yana ce wa kawu Sarkin Ashana. Yakan leƙa ɗakin baya ya ce, mutum da furfurarsa yana wasan 'yar tsana. Kawu ya ce gara shi, ai bai taɓa sayar wa mutane abin da Allah Yake saukarwa kyauta ba. Da ɗan Baffa ya nemi auren 'yar kawu, dangi suka taru a kansa, ni ma ina ciki, Allah Ya yafe mini. Aka ce a duba asali. Kawu ya saurare mu har muka gaji, sannan ya ce ya duba, ya ba shi. Muka yi ta yaba masa daga baya, muna cewa ya yi karamci. Auren ya yi albarka, 'ya'ya huɗu.

Faɗan ya faru bara, bayan alhazai sun watse. Ina zaune tare da su, na kawo wa kawu hula. Sun sha kofi na farko, sai kawu ya ɗauko littafin awonsa ya buɗe a kan gwiwa, ya jiƙa fensir da harshe. Bai kalli Baffa ba.

"Dakalin nan na jikin masu yadi," in ji shi. "Hawa nawa ne?"

Baffa ya ajiye kofinsa. Ya ce wane dakali.

"Ka san wanda nake nufi. An ɗauke shi tun kafin in fara awo. Duk waɗanda suka san shi sun mutu, ko sun ce ba su tuna ba. Saura kai."

A nan na fahimci wurin nan tsirara. Dakalin da ake zaunar da bayi ne, masu saye suna dubawa.

Baffa ya dubi littafin da ke kan gwiwar kawu. Da ya buɗe baki, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Shekara sittin ina saukowa daga kan dakalin nan. Kai kuma kana so ka mai da ni kai, ka sa gam."

Kawu ya ce ba wanda zai mayar, ba a sa mutum a unguwar, katako ne kawai.

"A wurinka katako ne. Kai abinci kake kaiwa wurin, ka koma gida. Na san ko uban wane ne ya buɗe bakina ya nuna haƙorana. Na sani ranar da na zo nema wa ɗana 'yarka, na yi shiru. Kai ma ka yi shiru mana."

Ya ɗauki sandarsa ya tafi, bai sha kofi na biyu ba. Bai sake zama a ƙofar shagon ba har kawu ya mutu. Suna haɗuwa a masallaci, su yi sallama, su wuce.

Na jira har Baffa ya sha kwana, sannan na ce wa kawu ya gaya mini ma'anar abin da kunnena ya ji. Ya gaya mini a jere, kamar yana karanta awo. Kakana dillali ne a wurin dakalin. Ba shi yake kamowa ba, ba shi yake saye ba. Aikinsa shi ne Hausa. Idan an kawo yaro ko mace daga ƙasarmu, ba su jin Larabci, shi yake lallashin su da harshen gida su daina kuka, su tashi, su juya, su buɗe baki. Da wannan ya ciyar da kawu da mahaifiyata. Daga baya ya bari, ya koma sayar da tasbaha, kuma da tasbaha na san shi. Kawu yana kai masa abincin rana a kwano, kuma a ɗaya daga cikin ranakun nan ya ga Baffa.

Na ce to ai sai a bari. Wurin ya tafi, kakana ya tafi, hukuma ta hana, me za a tono.

Ya ce, "Na sa tanderun Bukhari, na sa magudanar ruwa, na sa har ƙusar da ake rataya fitila. Idan na bar dakalin, duk wanda ya dubi unguwar nan zai ce ga lungu mai albarka a jikin Ɗakin Allah, ba a taɓa yin komai a cikinsa ba sai ciniki da salla. Na wanke ubana ke nan da hannuna. Ba ni da ikon wanke shi."

Na ce Baffa fa. Ya ce ya sani. Ya rufe littafin.

Bayan wannan ya karya ƙa'idarsa, karo ɗaya a iya sanina. Ya sassaƙa dakalin da ka, ba awo, hawa biyu, ya shafa masa launin ƙasa. Yakan ajiye shi a wurinsa da safe, ya tsaya yana kallo, da yamma ya ɗauke ya sa a gwangwanin ƙusa. Bai sa gam ba. Inna ta ce mini tun daga lokacin abincinsa ya ragu, kuma kullum bayan la'asar sai ya sa a kawo kofi biyu, ɗayan ya huce a mayar.

Saura babban ɗansa. Taubashina ne, da wasa muka tashi, yana ce mini mai hannu ɗaya dogo saboda rigar nan. Shi ya yi karatu, ya samu tabi'iyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, yana koyarwa a wata makaranta a unguwar Zahir, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa. Ya gaya wa mudirinsu, wato shugaban makarantar, labarin unguwar, mudir ya zo ya gani ya yi mamaki, aka tsai da magana za a kai ta makarantar a nuna wa iyaye da manyan baƙi a bikin ƙarshen shekara. A makarantar nan biyu daga cikin jikokin kawu da Baffa suke karatu.

Da ya ji zancen dakali, ya zo shago ransa a ɓace. Ina nan. Ya ce wa mahaifinsa, "Ya Abuya, mu da muke fama a daina ce mana Takruni, baƙi ɗan bawa, kai za ka sassaƙa musu hujja ka kai musu har aji?" Ya ce yaran nan za su tsaya a gaban abokansu, wani ya tambaya wannan na mene ne, wani ya amsa, daga ranar kuma sun samu suna. Ya ce in dole ne a sa, to a ce dakalin masu shan gahawa ne, tunda ba kowa a kai, wa zai sani. Kawu ya ce a bar shi ma ya fi a yi masa ƙarya. Taubashina ya ce to a bar shi. Kawu ya ce ba za a bar shi ba. Suka rabu a haka.

Ba zan ce taubashina ba shi da gaskiya ba. Na san abin da yara suke yi wa junansu a hanyar makaranta.

Ciwon kawu kwana goma sha ɗaya ne. A rana ta tara, da azahar, ya sa aka kira ni daga shago. Inna ta fita ta ba mu wuri. Ya ciro ƙyallen daga ƙarƙashin matashi ya sa mini a hannu, ya riƙe hannun. Ya ce ni ya zaɓa domin ni ba na tsallake layi. Ya ce, "Kada unguwar nan ta fita daga gidan nan babu dakalin a wurinsa. Ka yi mini alkawari." Na ce masa kawu, Baffa yana raye. Ya ce ya sani, ka yi mini alkawari. Na yi.

Ga halin da nake ciki ke nan a layin gaisuwa, mutane suna dafa kafaɗata. Bikin makaranta saura kwana goma sha biyu. Taubashina ya riga ya yi magana da mai mota. Idan na manna, na ɗora tsoho mai rai a gaban jama'a, shi da jikokinsa. Idan na bari aka fita da ita haka, na ci amanar mamaci tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Na auna ta ko'ina, ba ta fita.

Rana ta uku, bayan la'asar, daidai lokacin shayinsu, Baffa ya shigo lungun yana dogara sanda. Mutane suka ba shi hanya. Ya bi layi ya dafa kafaɗar kowa. Ya leƙa ya yi wa Inna ya haƙuri, ta amsa daga bayan labule. Sannan ya juyo gare ni ya ce, tela, buɗe mini ɗakin baya. Taubashina ya biyo mu.

Na yaye zanen da aka rufe unguwar da shi. Baffa ya daɗe yana bin lungun da ido, daga bakin kasuwa har ƙarshe. Ya nuna wani bene da tsinke ya ce matakalarsa saba'in da biyu ce, kuma matar gidan ba ta taɓa cewa sannu ba. Ya nuna wani ya ce nan kuwa kullum sai an ba shi dabino. Da tsinken ya iso wurin nan tsirara sai ya tsaya.

"Ina yake?"

Na ciro ƙyallen na kwance. Na gaya masa alkawarin da na yi, kalma da kalma, a gaban taubashina, domin ba na son a ce daga baya na ɓoye wani abu. Taubashina ya juya ga Baffa ya ce, ya Ammi, ka ce masa ya jefa shi a wuta, kai kaɗai za ka iya raba mu da wannan abu.

Baffa ya karɓi dakalin ya ɗora a tafin hannunsa. Bai fi ɗan yatsa biyu kauri ba. Ya juya shi, ya kai shi kusa da ido.

"Sarkin Ashana ya yi kuskure," in ji shi. "Hawa uku ne. Shi na ƙasa biyu kawai ya gani, don bai taɓa ɗaga kansa daga kwanon ba. Ni ina kallon sa daga na ukun."

Ya ce in ɗauko littafin. Na ɗauko daga inda yake rataye. Ya ce in rubuta: hawa uku, kowane hawa tsayin garwa ɗaya, tsawonsa taku goma sha huɗu. Ya ce amma takun mai ɗauke da ruwa ne, ya fi na kafinta gajarta, domin shekaru yana wuce shi da garwa a kafaɗa kafin a ɗauke shi, kuma ba ranar da bai ƙirga ba. Na ciro tef ɗina. Ya ajiye sanda, ya ɗan rusuna kamar akwai kaya a wuyansa, ya yi taku ɗaya a kan siminti. Na durƙusa na auna daga diddige zuwa diddige, sau biyu, na rubuta a ƙarƙashin rubutun kawu.

Sannan ya naɗe dakalin a ƙyallen ya sa a aljihunsa.

"Wannan na tafi da shi, na kuskure ne. Ka yi wani daidai. Amma muddin ina numfashi ba za a sa shi ba, kuma jikokina ba za su ji daga bakin 'yan aji ba, daga bakina za su ji, ranar da na ga sun isa. In an kai ni Ma'alla, ka dawo ka sa gam."

Na ce masa to ai unguwar ba za ta fita ba ke nan, saboda alkawari. Ya ce to ta zauna mana, ina za ta, mota take jira? Taubashina ya ce ai kuwa mota take jira, kuma shi ya riga ya ba mudir magana, da wane ido zai dube shi. Baffa ya ce da idon da ubansa, wato kawu, ya dubi danginsa ranar da suka ce a duba asali. Ya ɗauki sandarsa ya fita, ya zauna a kujerar da ke kusa da ƙofar shago. Inna ta aiko masa da shayi. Ya sha kofi biyu.

An yi bikin makaranta babu unguwar. Ban san abin da taubashina ya gaya wa mudir ba. Yana gaishe ni, ina gaishe shi, amma bai sake ce mini mai hannu ɗaya dogo ba, kuma ban zaci zan ji kewar wannan suna ba. Mahaifiyata ta ji labarin mahaifinta daga bakina, domin na ga bai kamata ta ji a waje ba. Ta ce ta sani tun tana yarinya, kuma da na bar ta ta mutu tana zaton ban sani ba. Wannan ma ina ɗauke da shi.

Har yau ban san ko kawu ya yi daidai ba. Na san ya rasa amininsa shekara guda a kan guntun katako, ya mutu ba su sha shayi tare ba. Na kuma san cewa da bai tambaya ba, da awon nan ya shiga kabari tare da mutum na ƙarshe da ya san shi. Allah Shi ne Ya san wanda ya fi nauyi. Ina roƙon Ya gafarta wa kawu taurin kansa, Ya saka masa da gaskiyarsa, Ya yalwata masa makwanci. Kakana kuwa ina yi masa addu'a kamar yadda na saba, sai dai yanzu nakan tsaya a tsakiyar addu'ar.

Makullin ɗakin baya yana hannuna. Duk Juma'a da safe nakan buɗe, in yaye zanen, in kaɗe ƙura da gashin kaza kamar yadda yake yi, in mai da zarto ƙusarsa idan wani ya taɓa. Hannuna na almakashi ne, ba na katako ba. Na lalata guntaye huɗu kafin na biyar ya fito, hawa uku, daidai da awon littafi. Na gwada shi a wurinsa sau ɗaya, ya zauna, na ɗauke. Yana cikin gwangwanin ƙusa, kwalbar gam tana gefensa.

Kullum da safe Baffa yana wucewa ta ƙofar shagona. Nakan tashi daga kan keke in gaishe shi, in ce Allah Ya ƙara nisan kwana, kuma har zuciyata nake faɗa. Jiya ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Tela, ka riƙa rufe kwalbar gam ɗin nan da kyau. Ban shirya ba tukuna, kada ta bushe."